Takalman Goggo a Bakin Ofis

Gumbila,
Oktoba, 1998.

Zuwa ga bawana Wumbei,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yaya karatu, yaya Winneba? An ce kifin bakin teku ya karɓe ka har wuyanka ya ɓace. Mu nan damina ta yi kyau, sabuwar doya ta cika kasuwa. 'Yata Suhuyini ta fara tafiya, babanta yana gaishe ka. Goggo ma ƙalau take, in ban da gwiwar nan tata da ka sani.

Na san labari ya riga wasiƙata zuwa: an ba ni shugabancin makarantarmu. Kada ka yi saurin taya ni murna. Mu uku muka je intabiyu, ni da Malam Ziblim da Goggo, kuma wannan ne zuwanta na uku. Mota ɗaya muka shiga, ni na riƙe mata jaka, ita kuma ta saya mini ƙosai a tasha kamar wata yarinya. Da sakamako ya fito, sunana kaɗai aka kira. Wumbei, mahaifiyarka ce fa. Ita ta ɗauko ni daga gidan wanta ina ƙarama, ta raine mu tare a tabarma ɗaya, a ajinta na koyi riƙe alli. Yau ni ce mai duba tsarin darasinta in sa hannu.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Ranar Litinin ta farko ina zaune a ofis ina jiran malamai su kawo littattafansu, sai na ji takunta. Na miƙe da sauri zan fita in durƙusa mata kamar kullum. Kafin in kai ƙofa ta tuɓe takalmanta ta jera su a bakin ofis, ta dafa bango, ta durƙusa har ƙasa da littafin a hannu biyu, ta ce, "Barka da asuba, Shugaba."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na zube a gabanta na ce, "Goggo, don Allah ki tashi."

Ta ce, "Shugaba ba ta amsa ba."

Na ce, "Goggo, yara suna kallo."

Ta ce, "Su kalla mana, ai makaranta suka zo."

Haka muka zauna a tsugune muna fuskantar juna kamar kaji biyu a kan ƙwai, ba mai niyyar riga wani tashi, har aka kaɗa ƙararrawa. Na sani, a al'adarmu wanda aka ɗora a kan fatar sarauta, ko kawunsa sai ya tuɓe masa takalmi. To ni wace fata aka ɗora ni? Kujerar katako ce, ƙafarta ɗaya ma da dutse aka tallafe ta.

Da yamma na je gida na gaishe ta, ta amsa lafiya lau, ta ce in tsinke mata kuɓewa, ko a jikinta. Litinin ta zagayo, ta sake. Kai ne ɗanta, ka gaya mini gaskiya: fushi take yi da ni? In horo ne, ya kai inda ake so ya kai.

Uwargijiyarka,
Sanatu.

*

Winneba,
Nuwamba, 1998.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba, mai kujera da dutse,

Bayan gaisuwa, lafiyata ƙalau, kuma wuyana yana nan inda na baro shi. Ki daina ce mini bawa, yanzu kin yi bayin da suka fi ni daraja. Ki shafa mini kan Suhuyini, ki gai da maigidan.

Na karanta wasiƙarki na yi dariya har abokin ɗakina ya tambaya ko an yi mini haihuwa. Kaji biyu a kan ƙwai! Da ina nan da na sayar da tikiti a bakin ƙofa.

Ki kwantar da hankalinki. Kin manta halin Mma? Lokacin da na ƙi zuwa gona na tafi ƙwallo, sati guda ta yi tana kirana Alhaji tana kawo mini tuwo da hannu biyu, sai da na yi kuka na roƙe ta ta doke ni. Abin ya yi mata ciwo ne, kuma dole ya yi. Mutum ya tsufa a aji ɗaya yana share hancin yara, ya je nema har sau uku, a ƙarshe a ba 'yar da ya goya. Ki bar ta ta huce. Kafin hutun ƙarshen zango za ta gaji, gwiwarta ma ba za ta bar ta ba.

Ke dai ki riƙe kujerarki da kyau. Ni kin san abin da ya koro ni nan. Ba son ilimi ba ne, yara tamanin ne a ɗaki ɗaya da muryata da ta dushe. Duk safiya in na doshi makaranta sai in ji kamar an ɗora mini buhun masara. Kada ki gaya wa Mma, amma in na gama ba na jin zan sake riƙe alli. Abokan karatuna rabinsu banki suke hange. Ke da kika iya zama, har aka ga dama aka ɗaga ki, kada tsuguno ya firgita ki.

Ki rubuto mini yadda wasan ya ƙare.

Naki,
Wumbei.

*

Gumbila,
Disamba, 1998.

Wumbei,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, muna shirin azumi. Zan ba direban motar doya wannan wasiƙa ya jefa maka a hanya, don gidan waya ya yi mini nisa yanzu, ba ni da lokacin kaina.

Wasan bai ƙare ba, kuma ya daina ba da dariya. Ba ta fasa ko Litinin ɗaya ba. Abin ma ya yaɗu. Ƙananan malamai sun fara tuɓe takalmi a bakin ofis su ma. Malam Ziblim, wanda da farko ko littafinsa ba ya kawowa, yanzu yana zuwa da kansa, ya tsaya daga waje ya miƙo yana kallon rufi. Na tabbata dariya suke yi mini, sun ga uwata ta buɗe hanya.

Makon jiya sufeton makarantu ya zo ba sanarwa. Kuma sai da ya zaɓi Litinin. Ya kashe babur ɗinsa, ya tarar da mu a bakin ƙofa, ni a tsugune, Goggo a tsugune, littafi a tsakani. Ya tsaya ya dube mu ya ce, "To, a cikinku wace ce shugabar?"

Goggo ta nuna ni ba tare da ta ɗaga kai ba. Ya ce, "Malama, in haka kike tafiyar da makaranta, da wace ƙafar kike zagaya azuzuwa?" Yaran aji shida suna leƙe ta taga. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Aikin kansa ma ya ishi mutum. Rufin aji uku ya yaye, iyaye suna zuwa mini har gida, ofishin ilimi kullum da abin da suke nema jiya-jiya. Malamai biyu sun tafi karɓar albashi sun yi kwana da kwanaki, ni na haɗa azuzuwansu na koyar. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya gagare ni shi ne ƙarar gwiwarta in tana sauka. Daga ranar Asabar kaina yake fara ciwo. Abinci ba ya shiga. Shekaranjiya na daka wa Suhuyini tsawa don kawai ta ja mini zane, babanta ya dube ni, na shiga ɗaki na yi kuka.

Na roƙe ta a gida, na kama ƙafarta. Na ce ta aiko da littafin, ko ni in je ajinta in karɓa. Ta ce, "Ni na san hanyar ofis." Na gwada ɓuya a aji biyar, ta zauna a tsugune a bakin ƙofar da ba kowa har aka je aka kira ni. Yanzu a zaune take salla.

Don Allah ka rubuta mata. Kai za ta ji maganarka. Ka ce mata na tuba, ko da ban san laifin ba.

Sanatu.

*

Winneba,
Janairu, 1999.

Malama Sanatu,

Barka da salla. Ina fatan kowa lafiya.

Tun da na rubuta miki a Nuwamba ban ji daga gare ki ba, na ɗauka aiki ne ya yi yawa. Ashe akwai dalili. Na je Accra hutun salla, na haɗu da matan garinmu a kasuwar doya. Abin da suka gaya mini ya hana ni cin abinci. Sun ce Mma a zaune take salla saboda gwiwa, amma duk Litinin sai ta tuɓe takalmi ta durƙusa a ƙofarki. Sun ce yanzu doka ce a makarantar, ba mai shiga wurinki da takalmi. Sun ce wata rana ma barinta kika yi a tsugune a bakin ofis kika tafi yawonki, sai da aka je aka nemo ki. Ɗaya daga cikinsu ta dube ni ta ce, "Kai kana nan kana karatun zama babba, 'yar riƙo tana can tana murza uwarka." A gaban mutane ta faɗa.

Da na yi dariya a wancan karon, na ɗauka abin sati biyu ne. Wata huɗu fa ke nan. Ke ce shugaba. In da gaske ba kya so, da kin hana. Mutum ba ya jure abu wata huɗu sai in ya fara jin daɗinsa.

Ban manta ba, ranar da kika yi ƙyanda Mma ba ta runtsa ba, ni aka kora ɗakin maƙwabta. Ban taɓa jin haushin wannan ba sai yau. Ba na neman komai a wurinki illa ki duba ko kujerar ta kai gwiwar tsohuwa.

Wumbei.

*

Gumbila,
Fabrairu, 1999.

Wumbei,

Na samu wasiƙarka. Muna lafiya.

Na rubuta maka a Disamba, da alama ba ta iso ba. Ba zan maimaita abin da ke ciki ba, kuma ba zan kare kaina ba. Ka tambaya ko kujerar ta kai gwiwar Goggo. Ba ta kai ba.

Jiya na je ofishin ilimi na gaya wa sufeto ina so a sauke ni in koma aji. Ya ce a aikinsa bai taɓa ganin wanda ya hau ya nemi sauka da bakinsa ba, kuma in na sauka kada in sa ran za a sake kirana. Na ce na ji. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo a rubuce. Malam Ziblim ne zai karɓi kujerar.

Ban gaya wa Goggo ba. Ban san da wane ido zan dube ta ba, na karɓe abin da ta nema, kuma na kasa riƙewa.

Sanatu.

*

Winneba,
Fabrairu, 1999.

'Yar'uwata Sanatu,

Ina gaisuwa, in har za ki amsa.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka same ni. Ta Disamba ta zo duk baƙin mai, ashe motar doyar ce ta lalace a Kintampo, takardar ta yi ta kwana a aljihun direba. Na karanta ta, na karanta ta biyun, sannan na tuna abin da na rubuta miki. Na rasa inda zan sa kaina. Kina can kina kama ƙafarta kina neman in taimake ki, ni kuma na ɗauki zancen kasuwa na yanka ki da shi. Ni da na gudu daga aji ɗaya tak, ni ne mai yi wa mai riƙe da makaranta guda wa'azi.

Kalmar nan ta 'yar riƙo, ba ni na faɗa ba, amma ni na kwafe ta da hannuna na aiko miki. Ki yafe mini.

Kada ki kai takardar nan. Na roƙe ki, ki dakata. Na rubuta wa Mma yau, amma kin ga yadda wasiƙu suke yi mana. Ki je ki same ta da kanki kafin wata ya ƙare. Ni yanzu na daina cewa na san halinta, don horon Mma bai taɓa wuce sati ba.

Bawanki, da gaske wannan karon,
Wumbei.

*

Gumbila,
Maris, 1999.

Zuwa ga bawana Wumbei,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, zafi ya fara, mangwaron makaranta ya yi 'ya'ya har yara sun fi son gindinsa da aji. Na yafe maka, amma ka sani bautarka ta ƙaru da shekara goma.

Ban je wurin Goggo ba, ita ta zo. Ashe Malam Ziblim ya ba da saƙar sabuwar riga ta hawa kujera, matar masaƙin kuwa ba ta iya riƙe magana. Ranar Alhamis bayan la'asar ina tsakar gida ina tankaɗe, sai ga ta ta shigo ko sallama ba ta gama ba. Na durƙusa. Ba ta ce in tashi ba.

Ta ce, "Ke, 'yar nan, me nake ji a gari?"

Na ce, "Goggo, na gaji ne."

Ta ce, "Kin gaji? Ke da kike zaune a kujera kin gaji, ni mai tsuguno in ce me?"

Na fashe da kuka na ce, "To ai don ki huta ne. Na san na ɓata miki, na karɓi abin da ya kamace ki. Ki yafe mini ki daina hora ni a gaban yara."

Ta dube ni kamar ta ga sabuwar halitta. Sannan ta jawo turmi ta zauna, ta miƙe ƙafar nan mai ciwo.

Ta ce, "Ashe daƙiƙiya na raina. Ranar da sakamako ya fito kina ina? Kina ofis ana ba ki makullai. Ni ina gindin mangwaro da sauran malamai. Ziblim ya ce, 'Yarinyar da na share wa majina a aji huɗu? Bari mu ga wanda zai kai mata littafi.' Samarin malaman nan duk suka kwashe da dariya, suka ce suna bayansa. Suka waiwayo suna kallona, suna jira in sa baki, don sun san an kayar da ni. Na ce a raina, kai majina ka share, ni kashinta na wanke. Zan kai mata, kuma a durƙushe. In ga wanda zai tsaya ƙerere bayan ni."

Ka ji fa, Wumbei. Takalman da nake gani a bakin ofis ina cewa ba'a ce, ashe aikinta ne yake ci.

Na ce, "To ba ki ji haushi ba?"

Ta ce, "Wa ya gaya miki? Na ji mana. Sau uku fa! Na shiga bayan gida na yi kukana na wanke fuska. Amma kujerar gidan wa ta shiga? Gidan Ziblim? Ni abin da ya fi ba ni haushi ke ce. Duk Litinin in sha wahala in kai ƙasa, sai ki zube a gabana kamar buhun gari, ki ɓata mini aiki. Wa zai ji tsoron shugabar da ke rarrafe?"

Na ce, "Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Da na gaya miki za ki yarda?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To."

Kunyar da na ji a wata biyar ɗin nan duka ba ta kai ta wannan yammacin ba. Tsohuwa tana kashe gwiwarta don ta tsayar da ni, ni kuma na ɗauki abin na kai ofis zan mayar. Ta ce gobe in koma wurin sufeto in lashe maganata. Ta ce ranar Litinin kuma za ta zo, in na kuskura na lanƙwasa ko da wuya ne, ba ni ba ita. Na roƙe ta ko rusunawa kawai ta riƙa yi. Ta ce ta fara a gaban mutane, ba za ta canja ba sai ranar da ta ajiye alli, baɗi in Allah ya kai mu.

Na koma ofis. Sufeto ya gan ni ya ce, "Yau kuma wace ce shugabar?" Na ce, "Ni ce." Ya yi dariya ya ce in tafi.

Litinin ta zo. Malamai duk suna baranda, Malam Ziblim da sabuwar rigarsa, don ya riga ya biya masaƙi. Ta tuɓe takalman ta jera. Ta dafa bango. Na ji ƙarar gwiwar nan har cikin haƙorana. Na riƙe bakin tebur da hannu biyu don kada ƙafafuna su ci amanata. Ta ce, "Barka da asuba, Shugaba." Na tsaya a miƙe a kan matar da ta goya ni, na amsa gaisuwar da harshen garinmu, na ce, "Naa." Na karɓi littafin, na sa hannu, hawaye yana ɗiga a kan takardar. Da ta tashi ta wuce, Malam Ziblim ya matso. Ya dubi takalmansa, ya dubi inda ta tsuguna, ya tuɓe.

Da yamma na je gida da man kaɗe, na durƙusa na gaishe ta, na zauna a ƙasa ina murza mata gwiwa. Ta kumbura sosai, Wumbei. Ba ta ce mini sannu ba. Cewa ta yi sa hannuna ya karkace, kuma shugaba ba ta jiƙa littafin mutane.

Wasiƙarka ta same ta. Ta ce in gaya maka ta san zancen bankin tun kafin ka tafi, kuma ajinta zai rasa malami baɗi in ta ajiye alli, ka yi tunani. In ka dawo, ka zo da takalmi mai sauƙin tuɓewa.

Ka nemo mata maganin shafawa mai kyau a can, ka aiko ta gidan waya, kada ka ba direba. Ni kuma ka sa ni a addu'a, jibi Litinin ce.

Uwargijiyarka,
Sanatu.